Ciwon idon da ke zuwa da magariba ya tafi da safe

Autan Mama:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema kan mahaifiyata, shekarunta 61. Kwanan nan idonta na dama kan kama ta da ciwo bayan magariba, ya hau goshi har gefen kai. Ta ce in ta kalli fitila sai ta ga zoben bakan gizo ya kewaye ta, gani kuma ya yi hazo. Idon yana ɗan ja amma ba kwantsa. Abin da ya ɗaure min kai, da ta yi barci sai ta tashi garau, har tana cewa mu bar damun ta da zancen asibiti. Gajiya ce, ko mu kai ta?

Mai Sauraro:
Wa alaikumus salam. Anya ba afolo ba ne? Ku samo mata maganin ɗigawa, in sha Allahu zai wuce.

Ma'aikaciyar Ido:
Malam Mai Sauraro, ka yi haƙuri, wannan bai yi kama da afolo ba. Afolo da ƙaiƙayi da hawaye ko kwantsa yake zuwa, kuma ba ya tafiya don an yi barci.

Ɗan'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Ba zan yanke hukunci ban ga idon ba, amma bayaninka ya yi kama da hawan jinin ido, wato gilakoma, irin wanda hanyar ruwa ke toshewa. Akwai ruwan da ido ke samarwa a cikinsa kullum, yana fita ta wata siririyar kusurwa a gefen baƙin ido. Wasu tasu kusurwar a matse take tun asali, an fi samun haka ga mata, da masu shekaru, da waɗanda ganin kusa ya fi ba su wahala. In duhu ya yi ɗan tsakiyar ido yana buɗewa, sai ya cunkushe hanyar, ruwa ya taru, matsi ya hau. In an yi barci ya tsuke, hanya ta buɗe. Shi ya sa take tashi garau, ba warkewa ba ce.

Matsin ido na lafiya tsakanin 10 ne zuwa 21. Ranar da hanyar ta toshe gaba ɗaya yana iya haura 50, jijiyar gani kuwa in ta lalace ba ta dawowa. Ku kai ta wurin likitan ido gobe, ku ce a auna matsi a kuma duba kusurwar, domin da safe awon matsi kaɗai na iya fitowa daidai. In an tabbatar, ɗan ƙaramin huji ake yi da hasken leza, aikin mintuna ne, kuma galibi har ɗaya idon ake yi wa.

Amma in ciwon ya tsananta yau, da amai, ido ya yi jajur ya yi tauri, to kada a jira gari ya waye.

Batun ɗigawa kuma, don Allah a bari. Masu sinadarin siteroyid irin dexamethasone suna ƙara matsin ido, kuma in gyambo ne a baƙin ido sai su ƙara rura shi.

Tsohon Direba:
Ni abin da zan ƙara, ba sai da ciwo ba. Nawa ko zafi bai yi ba. Walƙiya na riƙa gani a gefe, sai ɗigo-ɗigo baƙaƙe da yawa lokaci ɗaya, daga nan wani duhu ya fara saukowa ta sama kamar labule. Ashe tantanin bayan ido ne ya ɓalle. Likita ya ce da duhun ya kai tsakiya, da aikin bai yi kyau haka ba. Duk wanda ganinsa ya ragu farat ɗaya, ko ya fara ganin abu bibbiyu, ranar ya kamata a gan shi.

Autan Mama:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya Ma'aikaciyar Ido, Mama tana shan maganin mura kwanan nan, da alaƙa?

Ma'aikaciyar Ido:
Tana yiwuwa. Wasu magungunan mura da na ƙaiƙayi suna buɗe ɗan tsakiyar ido. Ta dakata da shi, ku tafi da kwalin a nuna wa likita. Kai da 'yan'uwanka ma duk wanda ya kai shekara 40 ya je a auna shi, abin yana bin dangi.