Tsofaffin littattafan shari'ar Ingila a adakar kawu: mene ne su, kuma a sayar?

Sagiru, Ringim

Assalamu alaikum. Cikin kayan da kawunmu marigayi ya bari a ƙauye, wanda ya yi aikin magatakardan kotu, akwai littattafai biyu masu bangon fata. A shafin farko an rubuta The Reports of Sir Edward Coke, can ƙasa kuma MDCCCXXVI. Bangon yana marmashewa, yana barin jan gari a hannu, gara kuma ta ɗan taɓa gefen ɗaya. Cikin rubutun akwai lambobi irin su 117a da 117b waɗanda ba su dace da lambar shafi ba. Wani ya ce zai saya. Malamai, wane irin littafi ne wannan, yana da amfani a kotunanmu yau, kuma yaya za mu adana shi kafin a raba gado?

Barista Rabi, Dutse

Wa alaikumus salam, Malam Sagiru. Allah ya jiƙan kawu, ya sa ya huta.

Haruffan nan shekarar bugu ce, wato 1826. Bugu ne mai juzu'i shida, ke nan biyu cikin shida kuke da su. Abin da ke ciki kuwa ya girmi takardar da sama da shekara ɗari biyu. Edward Coke babban alƙali ne a Ingila, ya fitar da kashi 11 na rahotanninsa na shari'un da kotuna suka yanke tsakanin 1600 da 1615, sauran kashi biyun suka fito bayan mutuwarsa, a 1656 da 1659.

Kafin zamaninsa abin da lauyoyi ke riƙewa shi ne Year Books, daga wajen 1268 zuwa 1535. Ba a san sunayen yawancin waɗanda suka rubuta su ba, kuma da wani Faransanci na kotu aka rubuta, wanda ko Bafaranshe sai ya yi da gaske zai fahimta. Muhawarar lauyoyi da alƙalai ce ta fi damun marubutan, har wani lokaci ka karanta shari'a daga farko zuwa ƙarshe ba a gaya maka wanda ya ci ba. Daga 1535 zuwa 1865 sai lauyoyi da alƙalai suka riƙa buga rahotanni da sunayensu: Plowden a 1571, sai Dyer, sai Coke, can baya kuma Burrow, wanda ya rubuta hukunce-hukuncen babban alƙali Lord Mansfield daga 1756. A 1865 ne aka kafa majalisar da ke fitar da Law Reports bisa tsari guda.

Lambobin da suka rikita ka na bugun asali ne. A da warƙa ake ƙirgawa, ba shafi ba: a ita ce fuskar warƙa, b bayanta. Masu sake bugu suna saka tsohuwar lambar cikin rubutu don duk bugun da lauya ya ɗauka ya faɗa wuri ɗaya. In kashi na biyar yana cikin naku, nemi 117a. Shari'ar Pinnel ce ta 1602, wadda har yau ake koyarwa a darasin dokar kwangila: wanda ake bi bashi, in ya biya wani ɓangare ranar da wa'adi ya cika, bai sauke nauyin sauran ba ko da mai bashin ya ce ya yarda, amma in doki ko shaho ko riga ya bayar aka karɓa a madadin kuɗin, magana ta ƙare. Ana ambatonta da 5 Co Rep 117a, wato kashi na 5 na rahotannin Coke, warƙa ta 117a, ko 77 ER 237, wato juzu'i na 77 na English Reports, shafi na 237.

Batun amfani a nan: sashe na 32 na Dokar Fassara ta tarayya ya karɓi dokar Ingila ta gama-gari, wadda hukunce-hukuncen alƙalai suka gina, da ƙa'idojin adalci, tare da dokokin majalisarsu masu aiki kan kowa da ke nan ranar 1 ga Janairun 1900. Ta irin wannan ƙofa Pinnel ta shigo Babbar Kotu. Sai dai tun 1963 aka daina ɗaukaka ƙara zuwa Landan, don haka in Kotun Ƙolinmu ta yi magana kan batu, tata za a bi. A kotun shari'ar Musulunci kuwa, inda za a raba gadon kawu, Coke ba shi da ta cewa.

Malam Ɗanjuma, Wudil

Barista ta gama magana kan tarihi. Abu ɗaya zan ƙara wa ɗalibai masu karanta wannan: kada ku ɗauki duk abin da ke cikin tsofaffin rahotannin nan a matsayin furucin kotu. Coke kansa yakan cuɗa hukuncin alƙalai da nasa ra'ayin ba tare da ya raba ba, ga shi a shari'u da yawa shi ne lauyan ɓangare ɗaya. Kuma littattafan Malam Sagiru ma fassara ce, domin da Faransancin kotu ya rubuta, sai a 1658 aka fitar da na Turanci. Wasu marubutan, irin su Barnardiston da Espinasse, alƙalan Ingila sun sha kushe aikinsu a fili. Wasu rahotannin kuwa rubutun hannu ne da mutum ya yi don kansa, bayan ya mutu masu maɗaba'a suka buga ba gyara.

Hanyar bincike ita ce English Reports, jerin da ya tattara tsofaffin rahotannin wuri ɗaya, da aka buga daga 1900 zuwa 1932. Juzu'i 176 ne, da biyu na fihirisa, 177 da 178. Ka nemi sunan shari'a a fihirisar, za ta nuna maka duk marubutan da suka kawo ta. In mutum biyu ko uku sun kawo, karanta duka ka gwama. Inda suka saɓa, nan ne lauyan ɗaya ɓangaren zai kama ka. Rahotannin Coke suna juzu'i na 76 da 77, kuma shafin CommonLII ya sa su kyauta a intanet. Ke nan don karatu kawai, waya ta wadatar.

A kula da shekaru ma. Kafin 1752 sabuwar shekarar Ingila ranar 25 ga Maris take farawa, shi ya sa shari'ar da aka yi a Fabrairu za ka ga littafi ɗaya ya ba ta shekara kaza, wani ya ƙara ɗaya.

Hajiya Binta, ma'aikaciyar laburare, Kano

Sagiru ɗana, kada a sa rai da kuɗi mai yawa. Masu tara irin waɗannan littattafai bugun farko suke nema, ko cikakken jeri mai lafiya. Biyu cikin shida na 1826, da cin gara, darajarsu kaɗan ce. Wanda ake rububi irin Tenures na Littleton ne da aka buga a Landan wajen 1481, ko sharhin Blackstone kan dokokin Ingila na 1765 zuwa 1769 in juzu'i huɗun sun cika. Duk da haka kada a sallama wa mai saye na farko, kuma kada a raba biyun tsakanin magada, ɗaya nan ɗaya can. A yi musu kuɗi tare.

Kafin nan duba waɗannan. A ƙasan wasu shafuka za ka ga harafi da lamba: B, B2, can gaba C, C2. Alamar mai ɗinki ce. Bi su a jere, in harafi ya yi tsalle to warƙoƙi sun ɓace, amma ka sani J ba ta cikin lissafinsu, haka V da W galibi. Duba cikin bango ko akwai hatimin kotu ko na laburare, domin in akwai, wataƙila ba na kawu ba ne balle ya shiga gado. Ɗauki hoton shafin farko, da ƙashin bayan littafin, da wurin ɓarnar.

Jan garin nan ruɓewar fata ce, ta zama ruwan dare a bangon ƙarni na 19, kuma ba ta warkewa. Kada a shafa man shanu, basilin ko man takalmi: fatar za ta yi baƙi, man ya ratsa cikin takarda. Kada a manna salatif ko gam, kada kuma a kai wa masu lamineshin. A naɗe kowane ɗaya da farar takarda marar rubutu, ba jarida ba, a ɗaure da tsumman auduga mai faɗi, a kwantar da su. Adakar ta tashi daga ƙasa kamar taƙi biyu bisa bulo, ta bar jikin bangon ƙasa da taƙi ɗaya aƙalla, don ta bango da daɓe gara ke hawowa. A riƙa duba ƙarƙashinta duk sati biyu da damina. Leda kuma a guje ta, tana riƙe laima, funfuna ta kama.

Sagiru, Ringim

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na ji ana sa littafi a firiza don kashe ƙwari. Akwai mai sayar da ƙanƙara a garinmu, ko mu kai masa?

Hajiya Binta, ma'aikaciyar laburare, Kano

A'a. Dabarar gaskiya ce, amma tana son sanyin da ya kai digiri 20 ƙasa da sifiri, ya tsaya a haka mako guda cur, littafin na cikin leda a rufe ruf, in an fitar kuma a bar shi kwana ɗaya kafin a buɗe ledar. Firizar da wuta ke ɗaukewa tana dawowa gumi za ta sa wa takarda, sai ka rabu da gara ka faɗa funfuna. Garar ƙasa ma ba ta daɗewa in an raba ta da shurinta da danshi. Fitar da su inuwa da hantsi, ba rana ba, ka share gefuna da burushi mai laushi daga ƙashin baya zuwa waje. Sannan ka ajiye su bisa farar takarda tsawon sati biyu. In ka ga sabon gari ya zubo ƙarƙashinsu, akwai ƙwaro mai rai a ciki, sai a kawo su Kano wurin masu gyaran tsofaffin takardu.