Hutun ƙarshen Disamba a ƙauyen Ingila: Lake District ko Peak District?

Baban Hanifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Na samu hutun kwana biyar daga 27 ga Disamba, ina so in fitar da iyali daga Manchester, mu kama ɗan gida a ƙauye mu riƙa fita tattaki da rana. Mu biyar ne: ni da uwargida, yara biyu ('yar shekara 9 da ɗan shekara 6), sai Hajiyarmu da ta zo daga Kano, ita kuma gwiwa na damunta, ba ta iya hawa tudu. Motata ƙarama ce, kuma ban taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba. Fam 600 na ware. Hankalina ya rabu tsakanin yankunan shaƙatawa biyu masu duwatsu, Lake District da Peak District. Wanda ya taɓa zuwa da hunturu ya taimaka min da shawara don Allah.

Ɗan Gombe: Wa alaikumus salam. Malam, Scotland kawai. Ka je Glencoe ka ga ikon Allah.

Bakatsine: Ikon Allah kam ga shi nan. Mutum yana zaune a ɗaki mai hita, ya ɗauki kuɗinsa ya biya a kai shi inda sanyi ya fi yawa, wai hutu. Turawa sun gama da mu.

Maman Ilham: Baban Hanifa, Peak District ya fi dacewa da kai. Daga tashar Piccadilly akwai jirgin ƙasa da ke bi ta Edale da Hope ya wuce Sheffield, bai kai awa ɗaya ba ka isa, ko motar ma ba dole ba ce. Mu kusa da Castleton muka sauka, fam 520 kwana huɗu. Yara sun hau Mam Tor ba wahala, mita 517 ne kuma an shimfiɗa duwatsu a hanyar, sai dai iskar da ke can sama sai da ta kusa tafiya da mayafina. Ku tafi da namanku daga unguwannin Cheetham Hill ko Longsight na Manchester a cikin kula, ba za ku samu na halak a ƙauyen ba. Kuma kada a manta buta.

Ɗan Zazzau: Ni dai duk wanda ya ce min Lake District da hunturu, sai in ce Allah ya kiyaye hanya. Shekara biyu da suka wuce muka haɗa kuɗi mu gida uku, muka kama wani gida a cikin kwari gaba da Keswick, fam 1,150 sati ɗaya. A hoto ga wuta na ci a murhu, ga tumaki ta taga, kamar a kalanda. Saura kwana huɗu tafiya mutum ɗaya ya janye, wai surukinsa ba lafiya, kuma har yau ban ga kasonsa ba.

Mun bar Leeds bayan Azahar, muna ganin da sauran lokaci. Kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi. Muka shiga wata siririyar hanya, katangar dutse dama da hagu, idan mota ta taho sai ɗayanku ya koma da baya. Muka isa cikin duhu, makullin yana cikin wani ɗan akwati mai lambobi a jikin ƙofa, lambobin kuma suna cikin imel ɗina, ga shi babu sabis ko ɗigo. Sai da na koma baya kusan mil uku kafin waya ta kama, mata da yara na zaune a ɗayar motar suna rawar ɗari.

Muna buɗe ƙofa warin kare ya tarbe mu. Ashe gidan na masu zuwa da karnuka ne, an rubuta a ƙasan tallan ban lura ba. Gashi ko'ina, a kafet, a kujera. Matata ta ce wallahi ba za ta shimfiɗa sallaya a nan ba, daren nan sai da muka share muka goge kafin a yi Isha. Itacen murhu kwando ɗaya aka ajiye mana, ya ƙare washegari, muka koma saye. A kwana bakwai, biyar ruwa aka yi ba ƙaƙƙautawa. Daga baya na ji cewa Seathwaite, da ke cikin kwarin Borrowdale kusa da mu, shi ne wurin da mutane ke zaune da ya fi ko'ina samun ruwan sama a Ingila.

Ranar da gari ya washe muka ce bari mu hau Catbells, tunda an ce na yara ne, mita 451. Da kambas na hau. Mun fara ƙarfe ɗaya da rabi, a saukowa duhu ya rufe mu, sanyi ya kashe batirin wayata, ƙarshe da mazaunai na sauko wani wurin. Bayan mun dawo gida kuma mai gidan ya riƙe fam 150 na ajiya, wai manja ya ɓata masa katakon kicin.

Bakatsine: Manja a Lake District! Ɗan Zazzau, miyar kuka kuka je ci ko tattaki?

Injiniya: Ka yi haƙuri ɗan uwa, amma rabin abin da ka lissafo ba laifin wurin ba ne. Shekarata 19 a ƙasar nan. Ba a fara hawan dutse bayan Azahar a Disamba. Ƙarfe tara ake fita, a dawo kafin uku, da takalmin hawa, da tocila, da taswirar takarda. Da hunturu akwai ma'aikatan da ke hawa dutsen Helvellyn na Lake District kullum su ba da rahoton yanayin can sama, kyauta ake karantawa. In kuma abu ya ɓaci, 999 za ka kira ka nemi 'yan sanda, su haɗa ka da masu ceto a duwatsu, waɗanda 'yan sa kai ne.

Ɗan Zazzau: Yallaɓai, shekara 19 ɗin ai a Landan ka yi su. Sau nawa ka kwana a Cumbria, inda Lake District ɗin yake, da Disamba?

Injiniya: Sau biyu, a Ambleside. Kuma ina sane da batun ruwa, a Disambar 2015 guguwar Desmond ta sa ambaliya ta ci Keswick da Kendal da Carlisle. Ban ce wurin wasa ba ne.

Ummu Sadiq: A otal ko a gidan haya? Don idan otal ne, da wani ya kunna maka hita ya kawo maka shayi, ba maganar da ake yi ba ke nan.

Ɗan Gombe: Ni fam 380 na biya a Yorkshire Dales, kusa da Settle, ɗaki biyu. Duk wanda ya biya sama da 500 an cuce shi.

Ummu Sadiq: A wane wata?

Ɗan Gombe: Nuwamba.

Ummu Sadiq: To ka gani. Tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara shi ne lokacin da kuɗin ya fi tashi, kuma da yawa ba sa bayarwa sai sati cikakke. Na duba bara a kusa da Bakewell da ke Peak District, abin da na gani mai ɗaki uku ya haura 900, na haƙura. Maman Ilham, naku 520 ɗin yaushe ne?

Maman Ilham: Gaskiya tsakiyar Janairu ne.

Baban Hanifa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Amma har yanzu ba a taɓa min batun Hajiya ba. Akwai inda za ta taka a fili ba hawa ba sauka?

Maman Ilham: Monsal Trail, daga wajen Bakewell. Tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ce aka mayar ta masu tafiya da masu keke, shimfiɗaɗɗiya, har ta cikin ramukan da jirgi ke bi a da ake ratsawa. Ka nemi gida mai ɗakin kwana da banɗaki a ƙasa, don matakalar tsofaffin gidajen nan a miƙe take kamar tsani.

Bakatsine: Ka dai tambayi Hajiya tukuna. Tawa da na kai ta kallon tumaki cewa ta yi, "Yanzu don wannan ka taso ni? Ai na Mai'aduwa sun fi su girma."

Ummu Sadiq: A kuma tambayi uwargida. Ku maza ku fita tattaki ku dawo da taɓo, mu muna kicin ɗin da ba mu san inda tukunya take ba. Girki sau uku, ga wankin safa, ga sharar gida ranar tafiya don kada a riƙe kuɗin ajiya. Ni ban ga hutun ba.

Nas ɗin dare: Ni abin da ya tsaya min a rai daban ne. Baban Hanifa, ta yaya ka samu hutu daga 27 ga wata? A wurin aikinmu shekara huɗu ke nan ni ake sa wa aikin Kirsimeti da na sabuwar shekara, wai tunda ba bikina ba ne. Ban taɓa musu ba. Amma da ƙaramar Sallah ta zo na nemi kwana ɗaya tak, aka ce in faɗi ranar tun wata biyu kafin nan. Na ce sai an ga wata, matar ta tsaya tana kallona kamar na yi mata tatsuniya.

Injiniya: Kwana biyu za ki nema a jere, ki mayar da ɗaya idan rana ta tabbata. Haka nake yi.

Nas ɗin dare: Yallaɓai, aikin ofis daban, jadawalin asibiti daban. Ɗayan ma ban samu ba balle biyu. Bara da kayan aiki na yi Idi, na fito daga dutin dare kai tsaye na wuce masallaci, na yi barci a mota a wurin ajiye motoci.

Ɗan Zazzau: Mu a namu wurin cewa aka yi mu Musulmi mu sasanta tsakaninmu. Mu shida ne, wa zai bar wa wani?

Baban Hanifa: To ni dai na ga wani gida a Hope, ɗaki biyu, fam 740, an ce ba a shiga da kare. Akwai wanda ya san ko hanyar wurin tana rufewa idan dusar ƙanƙara ta sauka?

Ɗan Zazzau: Mu shida fa, kuma biyu a cikinmu mata da miji ne.