Likitan gidanmu ya ce in dakata da allurar yarona, na rasa na yi

Mai tambaya: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Kwana huɗu ke nan ban yi barcin kirki ba.

Akwai wani likita da muke ce wa Baba, abokin mahaifina ne tun suna lakwal, tare suka tashi a Birni. Mu bakwai a ɗakinmu, duk shi ya duba mu tun muna rarrafe. Shekarar da hawan jini ya kayar da Innarmu cikin azumi, ƙarfe biyu na dare ya zo kan babur da jallabiya kawai a jikinsa, ya zauna bakin katifa riƙe da hannunta har aka kira assalatu, ko dala bai karɓa ba. Da aurena ya tashi, shi ya tsaya kamar uba. Da cikina ya zo da laulayi, kullum sai ya aiko a tambayi jikina. Na faɗi wannan ne don ku san ba mutumin da zan ɗaga ido in yi wa musu ba ne.

To na kai yarona awo, aka yi masa allurar rigakafi a cinya. Da dare jiki ya yi zafi rau, cinyar ta kumbura ta yi tauri, kwana ya yi yana kuka. Da safe na kai shi wurin Baba. Ya duba, ya rubuta siro, sannan ya rage murya ya ce: "Ɗiyata, ki dakata da sauran tukuna, bari ya yi ƙwari. Ni kaina ba kowace nake bari a yi wa jikokina ba." Na ce me ya sa Baba? Ya ce akwai abin da ya gani a bakin aiki. Bai ƙara ba. Yanzu ranar komawa ta wuce, karne, wato katin awonsa, na nan cikin jakata, maigidana na kan tafiya ya ce in bi maganar Baba. Ina mafita?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Yaron wata nawa ne? Wace allurar aka yi masa, kuma ya suma ne ko ya yi jijjiga? Ba ki faɗa ba.

Tsohon Majo: Ƙanwata, shekaruna sama da ashirin ina yi wa jarirai allura a karkara kafin in huta, ki saurare ni. In a cinya ce kuma ya kai sati 6, Penta ce ta farko. Sau uku ake yinta, sati 6, sati 10, sati 14, tana tare mashaƙo, tarin shiƙa, tetanus, ciwon hanta nau'in B, da wata ƙwayar cuta mai kawo sanƙarau da ciwon haƙarƙari ga jarirai. Zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu da kumburin cinya abu ne da muke gaya wa kowace uwa ta sa rai da shi. Abin da ke sa a tsaya a yi nazari shi ne in numfashi ya sarƙe masa da kumburin fuska nan take, ko jijjiga, ko ya fita hayyacinsa. Maganar "bari ya yi ƙwari" kuwa a juye take, domin tarin shiƙa jaririn da bai yi ƙwarin ba ya fi kashewa. Ko kin manta mashaƙon da ya ɓarke a Matamai ta jihar Damagaram a 2023? Gobe ki ɗauki karne ki koma. Ba a sake farawa daga farko don an makara, daga inda aka tsaya ake ci gaba.

Ɗan Zango: Majo, a yi a hankali. Likita ne fa ya faɗa, ba mai shayi ba. In wanda ke cikin ɗaki ya ce akwai maciji, na waje ba ya musu. Mun san abin da kamfanin magani na Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996. Kuma nan ƙasar Nijar, a 2015, ba a kama jabun allurar sanƙarau ba? Har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi.

Tsohon Majo: Duka biyun sun faru, ban musa ba. Amma na Kano magani ne mai suna Trovan aka gwada kan yara kusan 200 da sanƙarau ya riga ya kama, ba allurar rigakafi ba ce. Jabun 2015 kuma ya samu kafa ne lokacin da allurar ta yi ƙaranci, mutane na rububin saye da kuɗinsu ko ta ina. Darasinsa shi ne kar ka sayi allura a hannun wanda ba ka sani ba, ka je gidan likita. Tunda ka kawo Kano, ka ƙarasa: da suka dakatar da ɗigon shan-inna a 2003, cutar ba ta tsaya a iyaka ta nemi izini ba, ƙasashe da yawa da suka rabu da ita sai da ta koma musu.

Hajiya ta Garin Malam: Ni dai abin da ke ci min rai ke nan. Sau uku ina biyan kabu-kabu in kai jikata allurar ƙyanda ta wata tara. Ranar farko aka ce ba a buɗe kwalba don yara biyu. Rana ta biyu muka zauna kan benci tun hantsi har azahar, yarinya na goye tana zufa, wata ma'aikaciya ta daka min tsawa gaban mutane wai na ɓata karne da mai. Da girmana. In mutum ya daina zuwa sai a ce jahilci ne.

Maman Ilham: Wallahi Hajiya haka suke. Ga ɗaukewar wuta, wa ya san kwana nawa firigo ya yi a kashe?

Tsohon Majo: Kwalbar ƙyanda ta yara 10 ce, in an haɗa ta sai a zubar bayan awa 6, shi ya sa ake tara yara. Tsawar kuwa ba ta da uzuri. Batun sanyi, jikin kwalba akwai ɗan tambari, murabba'i cikin da'ira. In zafi ya taɓa ta murabba'in yana yin duhu, in ya kai launin da'irar an yar da ita ke nan. Ki ce a nuna miki, haƙƙinki ne.

Mai tambaya: Watansa uku da kwanaki. Bai yi jijjiga ba, zazzaɓin ma kwana biyu ya sauka. Amma don Allah ku daina magana kamar Baba bai san aikinsa ba. Bai ce kar in yi ba, dakata ya ce. Ku ba ku ga yadda cinyar ta yi ba, ni na kwana ina jijjiga shi a tsakar gida. In na je a ɓoye wani abu ya faru, da wane ido zan kalli mahaifina?

Umman Biyu: Ƴar'uwa, ni ma dakata aka ce min. Ɗana na fari, wani ma'aikacin lafiya cikin danginmu ya ce ya yi rama da yawa, a bari ya murmure kafin ta wata tara. Bazara ta shigo, ƙyanda ta shiga unguwa. Idanunsa suka yi ja suka manne, bakinsa duk gyambo, ko nono ba ya iya kamawa. Kwana tara. Har yau karnensa na cikin akwatina, layin nan babu komai a kai. Wanda ya ba ni shawarar ya zo gaisuwa ya yi kuka, ban riƙe shi ba, amma ni ce nake kwana da abin.

Ɗan Zango: Allah ya jiƙansa ya sa mai ceto ne. Amma kwana in ya ƙare ya ƙare. Lokacin korona likitoci nawa na sani da suka zille wa tasu allurar? Su suka san dalili.

Tsohon Majo: Likita mutum ne, abu ɗaya da ya gani da idonsa shekaru da suka wuce yana iya tsaya masa a rai ya rinjayi dubun da suka tafi lafiya. Na zauna da irinsu. Ƙanwata, ba na ce ki raina shi ba. Ki koma da ladabi ki tambaye shi abu uku: me ya gani, wace allurar yake nufi, kuma zuwa yaushe za ki dakata. In ya ce akwai wata lalura a jikin yaron, ya rubuta a karne. In bai iya ba ki rana ba, ki tafi awo.

Mai tambaya: Umman Biyu, Allah ya ba ki haƙuri, na yi kuka da na karanta. Majo, a gidanmu ba a yi wa babba tambaya uku a jere. Sai dai in roƙi Inna ta yi masa maganar, ita ma tana jin nauyinsa. Maigidan zai dawo ƙarshen wata, ina ga zan jira shi mu je tare. Yaron ai ba ya fita ko'ina.

Tsohon Majo: Masu zuwa ganinsa suna fita. Ƙarshen wata ya yi nisa.

Hajiya ta Garin Malam: Majo, to ni jikar tawa yanzu shekararta ɗaya da wata biyu, za su karɓe ta ko sai sun sake yi min faɗa?