Shuɗin fitilar neon yana dusashewa cikin sanyi, ina mafita?

Assalamu alaikum, masu aikin fitilun neon, don Allah ku taimaka mini. Na yi wa wani mai shago a Jos allon suna mai haruffa biyar, yanzu abin ya tsaya mini a rai.

Haruffa biyu jajaye ne, iskar neon zalla, ba su taɓa ba ni matsala ba. Sauran ukun shuɗaye ne, iskar argon da ɗigon makuri, wato zaiba. Tun da hunturu ya shigo, dare na tsalawa sai shuɗin ya yi dishi-dishi, hasken yana murɗawa cikin gilashin kamar maciji. Na kunna da rana, garau yake. Na san sanyi yana hana makuri zama tururi, amma abin da ya fi tayar mini da hankali, ƙarshen bututu ɗaya, daidai wajen ƙarfen da wutar lantarki ke shiga ta cikinsa, ya fara yin baƙi, wata uku kacal da haɗawa.

Taransifomar mai bolt 9,000 ce, miliamfa 30, na auna, lafiya lau. Shin ban gasa bututun sosai ba ne lokacin zuƙe iska, datti ya rage? Ko in sake cikawa da gaurayen argon da neon, irin na wuraren sanyi? Mutumin ya biya ni cif, wallahi kunyarsa nake ji.