Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho: naci ne ko taurin kai?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Ranar Asabar da ta wuce an yi sa-in-sa a gidanmu tsakanin baffana da babban ɗansa, wanda ya rubuta jarrabawar JAMB sau uku yana neman gurbin karatun likita bai samu ba, kuma ya ce zai sake zama karo na huɗu. Baffa yana so ya haƙura a kama masa shago a Kantin Kwari. Da magana ta yi zafi, sai Baffa ya miƙe ya ce, "Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho." Yaron bai ɗaga murya ba, amma ya amsa cewa mai nema yana tare da samu. Tun ranar abin yake cina, domin duka maganganun biyu gadonmu ne, kuma kowace ta dace da bakin da ya faɗe ta. Ina roƙon manya su gaya mini inda naci yake ƙarewa, taurin kai ya fara.

Malamin Tsangaya:
Wa alaikumus salam, ɗana. Larabawa sun raba abin nan tun da wuri. Kalmar "inadi" suna ba wa wanda ya gane gaskiya sannan ya ƙi ta, kuma daga ita aka samo "jabbarin anid" da ya zo a Suratu Hudu, aya ta 59. Akwai kuma "israri", wato dogewa a kan laifi, wanda aya ta 135 ta Ali Imrana ta yabi waɗanda ba sa yinsa. A gefe guda malamai suna kwaɗaitar da "ilhahi" a wajen addu'a, wanda shi ne nacinmu sak. Yaron nan bai ƙi wata gaskiya da ta bayyana ba, tunda babu wanda ya san gobe sai Allah, saboda haka ban ga inadi a lamarinsa ba. Abin da nake jiye masa shi ne mayar wa uba karin magana da karin magana, domin bakin mahaifi ba abin wasa ba ne.

Bazangon Kumasi:
Allah ya gafarta Malam, a nan wurinmu Asantawa suna cewa "asoɔden", ma'ana taurin kunne, kuma duk sanda na ji ta sai in tuna kunnen ƙashi. Wani abokin cinikina Inyamuri ya ce su "isi ike" suke cewa, wato kai mai ƙarfi, daidai da taurin kai. A ganina waɗannan biyun sun sha bamban. Mai kunnen ƙashi maganar ce ba ta shigarsa, shi kuwa mai taurin kai ya ji ka sarai, ya auna, ya kafe. Karin maganar Baffa ta ce "bai ji ba", don haka a kan na farkon take, alhali yaron nan ya ji.

Uwar Biyu:
Yaya na Kumasi, ban yarda ba. Idan Bahaushe ya ce yaro ba ya ji, ba kurumta yake nufi ba. Ina ƙara da cewa Yarabawan da nake saro kaya wurinsu a Ikko suna kiran wannan hali "agidi", kuma na daɗe ina zaton abincin nan na masara da ake ƙunsawa a ganye suke nufi, har wata ta zaunar da ni ta fahimtar da ni cewa da ni take.

'Yar Tasawa:
Ku ba ni dama in kawo labarin kakata, Allah ya ji ƙanta. A farin 1973, lokacin da rumbuna suka ƙare a ƙauyenmu da ke kusa da Tasawa, mutane suka koma cin anza, wadda sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita. Inna tana da tulu guda cike da irin gero, ta cakuɗa shi da toka, ta liƙe bakin da laka, ta binne a ƙarƙashin gadonta. Kakanmu ya roƙe ta a fasa a yi wa yara kunu, ta ƙi. Kishiyarta ta yi kuka, yayyenta maza suka zo daga wani gari suka yi mata faɗa, ta ƙeƙasa ƙasa ta ce iri ba abinci ba ne, amanar baɗi ce. Mahaifiyata, wadda a lokacin ba ta wuce shekara tara ba, ta ce har yau tana jin muryar kakanmu yana cewa, "Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho," domin yana tsoron a rasa ƙaramin yaron gidan, wanda ya rame har haƙarƙarinsa suka fito. Allah ya raya yaron. Da ruwa ya sauka a damunar 1974, bayan sojoji sun karɓi mulki a Yamai a watan Afrilu, gidaje da yawa ba su da abin shukawa, kuma daga tulun nan aka auna wa maƙwabta. Daga ranar aka daina ce mata mai taurin kai, aka koma cewa mace mai hangen nesa.

Amma labarin bai ƙare a nan ba. Da ta tsufa yanar ido ta rufe mata gani, 'ya'yanta suka tara kuɗi za su kai ta Maraɗi a yi mata aiki, ta ce ba mai sa mata wuƙa a ido. Muryar da ta hana fasa tulu ita ce ta hana tafiya asibiti, kuma ta rasu ba ta gani. Malaman makarantarmu da suka yi karatun Faransanci suna kiran irin wannan "têtu", daga kalmarsu ta kai. Ni dai na kasa raba Inna gida biyu, in yabi rabi in zargi rabi.

Mai Shayi:
Allah ya gafarta wa Inna. Ita ta kafe ne don wasu su ci. Waɗanda suke ba ni takaici su ne masu kujerar da wa'adinsu zai cika su ce ta-zarce, jama'a su ce bari, 'yan koransu kuma su raɗa wa abin suna jajircewa. Kuma hohon ba su ke ji ba, talaka ke ji.

Malamin Tsangaya:
'Yata ta Tasawa, da yaron nan ya rasu a farin, da wane suna garin zai kira kakarki? Ina tambaya ne da gaske, domin ina jin nauyin a ce sakamako ne yake raɗa wa hali suna, alhali addini da niyya yake aiki.

Ɗan Fagge:
Na gode muku duka. Jiya da dare Baffa ya kira ni ya ba ni kuɗin fom in miƙa wa yaron, ya ce kada in gaya masa daga inda suka fito, amma har yanzu ba ya amsa gaisuwarsa. Hajiya ta Tasawa, ko irin geron nan yana nan a gidanku har yau?