Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, wai wane ne maratayin?

Bakano: Salam jama'a. Jiya rigimar fegi ta kaure tsakanin kawuna da maƙwabcinsa, wani ya matsar da turken iyaka cikin dare, amma wanda ya matsar ɗin ko kallon banza ba a yi masa ba, yaron da ya kai labari masallaci shi ya sha zagi. Liman yana sulhu sai ya kawo wannan karin maganar. To maratayin nan mutum ne ko ƙusar da ake rataye kaya a bango?

Ɗan Damagaram: Mutum ne mana, wanda ya saɓo shi a kafaɗa yana zaga gari kowa na gani. Kisa ƙaddara ce, tallan ne ciwo.

Bazazzagi: Ban yarda ba. Mataccen zomo ai a maratayi ake sagale shi, ma'anar ita ce mai rauni kan huce haushinsa kan abin da ba zai rama ba.

Malamin firamare: Tunda an ambaci fegi, kun san daga kalmar Turanci peg muka samo ta? Masu awon fili ke kafa ’yan turaku a kusurwoyi, sai muka kira filin gaba ɗaya da sunan turken, p ta koma f kamar a fensir da fasinja. Su a wajensu abin maƙale shanya a igiya ma peg ne, turken tanti peg ne, har ɗaure darajar kuɗin ƙasa a jikin na wata.

Ɗan Damagaram: Wannan mu muka san shi Malam, sefa ɗinmu tun 1999 a ɗaure yake jikin yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, akuya da turkenta.

Uwargida: Ni kun tuna min da kakata Allah ya jiƙanta. Wata shekara damina ta yi gardama ga haraji ya taso, kakanmu ba shi da ko anini, sai ta kwance akuyarta ɗaya tilo da asuba ta ba dillaliya ta sayar a ɓoye don kar a ce maigida ya gaza, wallahi kafin azahar har a bakin rijiya an san zancen. Mahaucin da ya yanka akuyar suna gaisawa lafiya lau har tsire yake aiko mana, amma dillaliyar nan shekara da shekaru ba ta ƙara taka zaurenmu ba. Kuma turken ta hana a cire, yana nan tsakar gida muna tuntuɓe da shi, in an yi magana ta ce a bar mata abinta, shi kaɗai ya ga komai bai faɗa wa kowa ba.

Bazazzagi: Allah ya jiƙan Iya. Amma Hajiya a nan ai turken ne ya fita da mutunci.

Bakano: Kenan yaron nan shi ne dillaliyar?

Ɗan kasuwa: Ku bar yaro ya huta, ga manya can sun yanka filin makaranta da na maƙabarta fegi-fegi sun raba wa ’yan korensu, in ka ɗauki hoto kai za a kwana da kai a caji ofis.

Uwargida: Lokacin zaɓe dai za su zo da atamfa da taliya.

Malamin firamare: Hajiya turken yana nan har yanzu?

Uwargida: Gara ta cinye shi bayan rasuwarta, ƙanina ya kafa wani a gurbin yana ɗaure ragon layya.