CG125 ba ya cajin batir, an canza batir da rektifaya amma ba ta sauya zani ba

Mai_CG:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana harkar wayar babur. Tsohon CG125 ne mai sitata, 12V, batir 7Ah. An sa sabon batir, kwana biyar ya sauka. An canza rektifaya (abin da ke daidaita wutar inji kafin ta shiga batir), an yi wa batirin caji, ya sake sauka. Da kik yana tashi bugu ɗaya, fitilar gaba tana haske sosai idan an murɗa totur, amma oda ta shaƙe, sigina kuma tana kamawa ba ta ƙiftawa. Na auna kan batir da mita: 12.1V a kashe, 12.3V idan an ba shi wuta. Yanzu an ce koyil ne (naɗin wayar da ke samar da wuta a cikin inji), a cire a sa sabo. Akwai yadda zan tabbatar kafin in saya?

Rewaya_Kurna:
Wa alaikumus salam. Malam, dakata da sayen koyil tukuna. Awon da ka yi ya nuna caji ba ya isa batir, amma bai nuna inda ya tsaya ba. Lafiyayyen caji a babur mai 12V yana ba da 13.5V zuwa 14.5V a kan batir idan inji ya kai juyi 4,000 zuwa 5,000 a minti.

Kada hasken fitila da tashin inji su ruɗe ka. A yawancin irin wannan babur koyil ɗin ya rabu gida-gida. Waya baƙa mai ratsin ja ita ke ba CDI (akwatin da ke sa fulogi ya yi tartsatsi) wuta, shi ya sa kik ke tayar da shi ko babu batir sam. Rawaya ita ke kai wuta fitilar gaba kai tsaye, AC ce, ba ta bi ta batir. Fara ita ce ta caji: ta shiga rektifaya, ta fito a jar waya, ta bi ta fis, sannan ta isa batir. Koriya ita ce wayar bodi. Oda, sigina, danjar birki da sitata su ne ke ci daga batir, kuma ka ga su ne suka raunana. Saboda haka layin fara zuwa ja shi za ka bi.

Soma da batirin kansa. A yi masa cikakken caji, a bar shi ya huta kamar awa biyu, ya kamata ka ga 12.6V zuwa 12.8V. Ka bar mita a kansa ka danna sitata. In ya faɗi ƙasa da 9.5V, batirin ya gaza ko da jiya aka saye shi.

Sai koyil. Zare soket ɗin rektifaya, ka kashe fitilar gaba tukuna, domin in babu rektifaya babu mai tare wutar rawaya, kana murɗa totur ƙwan zai ƙone. Mayar da mita kan AC, zangon 200V. Tsinke ɗaya a fara, ɗaya a jikin inji inda babu fenti. Tayar. A silo, wato inji na aiki ba a murɗa totur ba, za ka ga kamar 12V zuwa 20V, kana ƙara wuta lambar na hawa, har ta wuce 40V. Hawan ne abin dubawa, ba lamba takamaimai ba. In ta tsaya a 5V ko 8V ta ƙi motsi, to a nan ne za a yi zancen koyil, ko maganaɗisun fulawil da ya yi sanyi, ko waya da ta katse a inda ta fito daga murfin inji. Wurin nan yana yawan cin waya saboda zafi da karkarwa, kuma sau da yawa robar tana nan lafiya, jan ƙarfen ciki ne ya tsinke.

Kashe inji ka auna om, wato juriyar waya. Haɗa tsinkayen mita biyu da juna ka ga abin da suke nunawa, ƙananan mitoci kan nuna 0.3 ko 0.5, sai ka debe shi daga awonka. Farar waya zuwa jikin inji ba ta cika wuce om ɗaya da ɗan wani abu ba, rawaya kuma ƙasa da haka kaɗan. In mita ta nuna babu haɗi ko kaɗan, koyil ya katse.

Injiniya_Tudun_Wada:
Bayanin Oga Rewaya daidai ne, sai dai akwai wurin da mutane ke asarar kuɗi, gara a fayyace shi. Ba duk CG ne ke da koyil iri ɗaya ba, musamman da yake an cika kasuwa da injuna masu kwaikwayonsa, kuma tsohon babur ba a rasa wanda ya taɓa canza masa wani abu.

Iri na farko shi ne wanda aka kwatanta a sama: ƙarshen koyil ɗaya yana ɗaure da jikin inji. A wannan, in mita ta yi ƙarar da ke nuna haɗi tsakanin fara da bodi, lafiya ce. Iri na biyu wayoyinsa biyu ne, galibi rawaya da ruwan hoda ko rawaya biyu, dukansu suna tafiya rektifaya, babu wadda ta taɓa bodi, fitilar gaba kuma daga batir take ci. A wannan, ƙara tsakanin waya da bodi na nufin koyil ya ƙone ya taɓa ƙarfe. Manyan babura masu rawaya uku ma haka suke, ana auna su bibbiyu, awo ukun su zo daidai da juna, kuma kada ko ɗaya ta haɗu da bodi. Wanda ya ɗauki dokar iri na biyu ya auna iri na farko zai yar da koyil mai kyau. Hanya mafi sauƙi ta rarrabewa: buɗe makulli ba tare da tayar da inji ba, ka kunna fitilar gaba. In ta kama, daga batir take ci. In ba ta kama ba sai inji ya tashi, iri na farko ne, kuma bayaninka ya yi kama da shi.

Abin da ya sa na dage a nan shi ne ka ce an canza rektifaya. Masu ƙafa huɗu suna kama da juna kamar an tsaga kara, soket ɗaya, girma ɗaya, amma cikinsu daban, wani lokaci jerin ƙafafun ma daban. In aka sa na iri na biyu a koyil iri na farko, ko dai ya ƙi caji ko ya ɗau zafi ya mutu. In tsohon yana nan, kwatanta lambar jikinsa da ta sabon. Kuma kada ka dogara da awon diyod na mita a kan irin wannan rektifaya, abin da ke cikinsa ba ya buɗewa sai inji na juyawa. Ana gane lafiyarsa ne ta abin da ya shiga da abin da ya fito.

Abu biyu da ake yi a gareji ka hana a yi wa babur ɗinka: goga waya a bodi don a ga tartsatsi, da cire kan batir inji yana aiki. Duka biyun suna iya kashe rektifayan da ba shi da laifi.

Baban_Khalifa:
Ni ta ɓangaren abin da ke shan wutar zan duba, don wani lokaci caji na shiga, fita ce ta fi shi yawa. Koyil ɗin waɗannan babura ƙarami ne, cajin da yake turawa batir bai taka kara ya karya ba, a silo kuwa kusan babu.

Duba suwic ɗin birkin ƙafa. In sifirin ɗinsa ya yi tauri ko an ɗaure shi da yawa, danja na zama a kunne duk tsawon tafiya, da rana ba mai lura. Ƙwan 21W yana jan kusan 1.75A, wannan kaɗai ya isa ya cinye cajin. Duba ƙwan gaba ma. Na asali 35W ne, wasu kan sa 55W ko 60W don haske, alhali a koyil da yawa fara da rawaya naɗi ɗaya ne aka ciro musu baki biyu, abin da fitila ta ƙara ja daga rabon batir yake fita. Sai rediyo, cajar waya da fitilun ado, musamman in an jona su kai tsaye a kan batir.

Don gane ɗigar wuta: kashe makulli, cire wayar kan batir ta ɓangaren −, sa mita tsakanin wayar da kan batirin. Soma da zangon 10A, in ba ka ga komai ba ka sauko zangon mA (1,000mA ne 1A). Kada ka danna sitata a haka, mitar za ta ƙone. Babur marar ƙararrawar ɓarayi bai kamata ya wuce 1mA ba. In ka ga 50mA, lissafa da kanka: batir 7Ah zai ƙare cikin awa 140, kwana shida ke nan ba cika ba, wanda ya yi kusa da abin da ka faɗa. Sai ka riƙa zare soket ɗaya bayan ɗaya, ka fara da rektifaya, har lambar ta faɗi.

Mai_CG:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga sakamako. Fitila ba ta kamawa sai inji ya tashi. Fara tana ba da 16V a silo, tana haura 45V da wuta. Lambar rektifaya ɗaya ce da ta tsohon. Ɗiga babu, danja lafiya, ƙwai 35W. Amma da na mayar da soket na soka tsinke ta bayansa a jar waya, 14.3V na gani, kan batir kuma yana nan a 12.4V.

Rewaya_Kurna:
To ai magana ta fito. Koyil lafiya, rektifaya lafiya, wataƙila tsohon da aka cire ma lafiyarsa ƙalau, ajiye shi. Kusan 2V ke ɓacewa tsakanin rektifaya da batir. Rektifaya yana ganin 14.3V a bakinsa, a wurinsa batir ya cika, sai ya rage turawa, batirin kuwa yana can da yunwa.

Ga yadda za ka kama wurin. Inji na aiki da ɗan wuta, mita a DC 20V, jan tsinke a jar wayar rektifaya, baƙi a kan + na batir. Bai kamata ya wuce 0.3V ba. Ka bar baƙin a batir ka riƙa matso da jan: gaban fis, bayan fis, kowane haɗi. Inda lambar ta faɗi warwas, tsakanin nan da wurin da ka baro matsalar take. Yi haka tsakanin koriyar wayar rektifaya da kan − na batir, domin faɗuwar na iya zama a can, ko ta rabu biyu. Awon om ba ya kama wannan, silin waya ɗaya da ya rage zai sa mita ta yi ƙara amma ba zai ɗauki caji ba.

Na fi zargin gidan fis. Na gilashin nan bakinsa kan saki, tururin ruwan batir ya sa masa koren tsatsa, kuma ta nan ɗin oda da sigina ke samun wuta, shi ya sa suka shaƙe. Kankarewa da samfefa na ɗan lokaci ne. Yanke shi ka sa gidan fis mai ƙafa biyu irin na mota, lambar fis ɗin daidai da wadda ka tarar a littafi ko a murfi, galibi 10A ko 15A, ba waya ko takardar sigari ba. Fere wayar har ka kai jan ƙarfe mai ƙyalli, in ya yi baƙi ci gaba da yankewa ko ka canza layin gaba ɗaya da waya mai kauri 1.5mm². Haɗa da dalma, kada a murɗe a naɗe da salatif kawai. Kwance wayar bodi, goge wurin har ƙarfe ya fito, ɗaure, sannan ka shafa giris a sama.

Batirin kuma kada ka bar wa babur ya cika shi. Sa shi a caji mai sanyi, 0.7A na awa 10, ba cajar mota ba. In mai ruwa ne kuma ya ragu, tataccen ruwa za a ƙara zuwa layin sama, ba asid ba. Bayan ka mayar, sake aunawa a kan batir da fitila a kunne. In ka ga 13.5V zuwa 14.5V an gama. In ya haura 15V, koma kan koriyar waya kafin ka zargi rektifaya.